Makarantar Garinku Tana da Kwamiti: Ga Yadda Iyaye Za Su Shiga a Dama da Su

Duk farkon damina, idan iska ta taso gaban hadari, labari ɗaya ake ji daga ƙauyukan Jama'a, Kaura, Zangon Kataf, Jaba da Sanga a kudancin Kaduna: ta yaye kwanon makarantar firamare. Sai a cusa 'yan aji biyu da 'yan aji uku a ɗaki ɗaya, ko a koma gindin mangwaro, iyaye kuma su yi ta cewa gwamnati ta manta da su. Amma idan ka tambaya wa ya rubuta takarda, wa ya kai ta, kuma ofishin wa aka kai, sai ka ji shiru. Iyaye da yawa ba su san cewa makarantar gwamnati tana da kwamitin al'umma wanda wannan aikinsa ne ba, kuma suna da kujera a cikinsa. Shawarata ta yau a kan wannan kujera take: yadda za ku same ta, da abin da za ku yi idan kun zauna a kanta.

Fara da sanin wa ke riƙe da me

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro a Najeriya yana da haƙƙin karatun shekara tara kyauta kuma dole: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Hukumar UBEC da ke Abuja tana samun kashi biyu cikin ɗari na dunƙulallen asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya, tana tallafa wa jihohi, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi kuɗin gine-gine. A Kaduna, hukumar SUBEB ce ke kula da makarantun firamare, kuma kowace daga cikin ƙananan hukumomi 23 tana da sashen ilimi ƙarƙashin Sakataren Ilimi. Na Jama'a yana Kafanchan, na Zangon Kataf yana Zonkwa, na Jaba yana Kwoi, na Sanga yana Gwantu. Harkar sakandare kuwa akasari tana hannun Ma'aikatar Ilimi da ofisoshinta na shiyya.

Amfanin sanin wannan shi ne kada ku yi ta bugun ƙofar da ba ita ba. Malamin da ke makara, ko dukan da ya wuce kima, maganar shugaban makaranta ce da farko. Ƙarancin malamai da ƙorafin da shugaban makaranta ya kasa warwarewa, na Sakataren Ilimi ne. Sabon gini, babban gyara da ɗaukar malamai suna hawa har SUBEB. Wanda ya tsallake shugaban makaranta ya tafi Kaduna kai tsaye, yawanci can ma za a ce masa ya koma ya bi ta ƙasa.

Menene kwamitin, kuma su wa ke cikinsa

Kusan shekara ashirin ke nan da Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makarantar gwamnati ta kafa kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC. Kaduna na cikin jihohi shida da shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017, ya horar da irin waɗannan kwamitoci. Saboda haka a makarantu da yawa kwamitin yana nan, ko da a takarda ne kawai.

Mutane kan rikita shi da ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA. Ita PTA ta masu 'ya'ya a makarantar ce da malamansu. Shi kwamitin na gari ne baki ɗaya. A tsarinsa akwai shugaban makaranta, wanda yawanci shi ne sakatare, da wakilan malamai, da na ɗalibai mace da namiji, da na masu sarauta, da na tsofaffin ɗalibai, da na mata, da na matasa, da na masu sana'ar hannu, da na addinai, da na PTA ɗin kanta. Shugaban kwamitin daga cikin al'umma ake zaɓarsa. Idan kuka tarar shugaban makaranta shi ne shugaban kwamiti, shi ne ma'aji, shi ne mai rubutu, to wannan ba kwamiti ba ne tukuna.

Aikinsa huɗu ne a dunƙule: ya zauna da malamai su tsara abin da makarantar ta fi buƙata a shekara, ya sa ido kan zuwan malamai da na yara, ya kula da duk kuɗin da ya shigo da kayan da aka kawo, sannan ya kai kukan makarantar ga hukuma da bakin gari. Kwamitin ba ya ɗaukar malami, ba ya korarsa, ba ya sauya manhaja, ba ya shiga aji ya koya wa malami aikinsa. Wanda ya san wannan iyaka tun farko, shi malamai ke buɗe wa ƙofa.

Matakan shiga

Na farko, je makarantar da kanka a ranar da babu rigima. Kada zuwanka na farko ya zama ranar da aka doki ɗanka. Gaisa da shugaban makaranta cikin mutunci: "Malam, barka da aiki. Ni mahaifin wance ne a aji huɗu. Na zo in ji ko makarantarmu tana da kwamiti, da su wa ke ciki, da ranar da za su zauna." Tambaya ce mai sauƙi, amma amsarta za ta nuna maka halin da ake ciki. Nemi ganin jerin sunayen, da littafin da ake rubuta bayanin taro. Ranar taron ƙarshe da ke rubuce a ciki ta isa ta gaya maka ko kwamitin yana numfashi.

Na biyu, idan kwamitin ya yi barci, kada ka tashe shi kai kaɗai. Nemi iyaye huɗu ko biyar, ku je wurin mai unguwa ko dakaci, ku roƙe shi ya kira taron gari tare da shugaban makaranta. A yi sanarwa a coci ranar Lahadi, a yi a masallaci ranar Juma'a, a gaya wa Zumuntar Mata da matan Islamiyya. A sanar da ofishin Sakataren Ilimi domin su turo jami'insu ya shaida zaɓen, ya kuma karanta wa jama'a ƙa'idojin wa'adi da yawan mambobi kamar yadda jiha ta tsara.

Na uku, ku zaɓi masu lokaci. Babban kuskuren da ake yi shi ne a ɗora wa wani babban ɗan gari da ke zaune a Abuja ko Kaduna shugabanci don a girmama shi. Ku girmama shi da matsayin uba ko mai ba da shawara, ku nemi gudummawarsa. Shugabanci kuwa a ba wanda ke kwana a garin, wanda zai iya leƙa makarantar da ƙarfe takwas na safe. Malamin da ya yi ritaya, ko uwar da ke sayar da ƙosai a bakin makarantar tana ganin mai shiga da mai fita, sun fi amfani a nan.

Ku zagaya da ido, ku rubuta

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a rubuta tsarin shekara, 'yan kwamiti su zagaya makarantar da littafi a hannu. Ku ƙirga benci a kowane aji, ku ƙirga yaran da ke zaune a ƙasa. Ku duba allo ko alli yana kamawa. Ku leƙa banɗaki: yana da ƙofa? An raba na mata da na maza? Yarinyar da ta fara girma, idan babu inda za ta kewaya cikin sutura, gida take zama kwana uku ko huɗu kowane wata, daga nan kuma sai ta daina zuwa gaba ɗaya.

Ku buɗe rajistar ɗalibai ku bi ta mako-mako. A ƙasar citta, irin su Kachia, Jaba da Kagarko, za ku ga layin "bai zo ba" yana tsawo a lokacin haƙa da fere da shanya, haka ma ranakun kasuwa. Wannan ba laifin gwamnati ba ne, namu ne, kuma kwamiti ne ya fi kowa iya gyara shi, domin shi ya san gidan kowa. Sannan ku yi gwaji mafi muhimmanci: da izinin malami, ku ba wasu 'yan aji uku littafinsu su karanta layi biyu da murya. Fenti da katanga suna da kyau, amma idan yaro ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi ba, to wannan ne ya kamata ya zo na ɗaya a tsarinku.

Daga abin da kuka gani, ku ware abubuwa uku kawai na shekarar. Ku raba su: wanda gari zai iya da aikin gayya, kamar gyaran benci da share fili da dasa itatuwan kare iska, da wanda dole sai hukuma. Ga na hukuma, ku rubuta takarda mai shafi ɗaya: sunan makaranta da gunduma, yawan ɗalibai da malamai, matsalar da ranar da ta faru, abin da gari ya riga ya yi, abin da kuke nema. Ku haɗa da hoto daga waya, shugaba da sakatare su sa hannu, dakaci ya buga hatimi. Ku kai kwafi biyu, a buga muku shaidar karɓa a kan ɗaya ku dawo da shi. Bayan mako biyu ku koma, ku ba kansila da ɗan majalisar jiha na yankinku kwafi. Maganar baki tana ɓacewa da zarar an sauya jami'i, amma takarda mai hatimi tana nan a fayil.

Maganar kuɗi

A nan ne kwamitoci da yawa ke mutuwa. Wasu shirye-shirye, kamar NIPEP da ya fara a 2015 da AGILE na karatun 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, waɗanda Kaduna ke cikinsu, an tsara su ne tallafin gyara ya bi ta hannun kwamitocin makarantu. Kwamitin da ba shi da asusun banki, da tsari a rubuce, da shaidar yana zama, da wuya irin wannan dama ta same shi.

Ku buɗe asusu da sunan makaranta, ba da sunan mutum ba, kuma kada a iya fitar da ko kwabo da sa hannun mutum ɗaya. Kowane buhun siminti da kowane bandir na kwano ya zo da rasit. Ƙarshen kowane zango a karanta lissafi a gaban jama'a da harshen da kowa ke ji, a manna kwafi a bangon ofis. Ɗan kwamiti kada ya ba kansa ko ɗan'uwansa kwangila a ɓoye. Game da karo-karo, a tuna doka ta hana karɓar kuɗin makaranta a wannan mataki. Gudummawar da gari ya yarda da ita ta son rai ce, kuma kada a taɓa mayar da yaro gida don mahaifinsa bai biya ba. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo yashi, ko ya ba da yini guda na aiki.

Malamai abokan tafiya ne

Ba a manta da 2017 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce sama da 21,000 sun faɗi, aka sallame su aka ɗauki sababbi. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan mataki, ya bar malamai da fargaba. Idan kuka shigo musu kamar masu bincike, za su rufe muku komai. Malamin da ke fashi, a fara yi masa magana a keɓe ta hannun shugaban makaranta, a ji dalilinsa. Sau da yawa za ku tarar nisa ne da tsadar kuɗin mashin. Garin da ya sama wa baƙon malami ɗaki, ya fi garin da ya rubuta masa ƙara samun malami mai zama. Idan an yi nasiha ba a ga canji ba, sai a rubuta wa Sakataren Ilimi da ranakun da aka ƙirga. Cin zarafin yaro kuwa, musamman lalata, ba a sasanta shi a zaure. A kai shi ga hukuma nan take.

Kowa ya samu wurin zama

Yankinmu ya sha wahalar rabuwar kai, kuma makarantar gwamnati na cikin wurare kaɗan da ɗan Bajju, da ɗan Atyap, da ɗan Ham, da ɗan Fantswam, da Bahaushe, da Bafulatani ke zama a benci ɗaya. Ya kamata kwamitin ya yi kama da ajin. A gayyaci fasto da limami, a gayyaci arɗon rugar da ke kusa. Mata su fara zama nasu kafin babban taro, su zo da matsaya ɗaya, domin mace ɗaya a cikin dattawa goma ba kasafai take buɗe baki ba. Wakilan ɗalibai ma a ba su dama su yi magana da farko, kafin manya su cika wurin.

Tsaro ma aikin kwamiti ne. Bayan sace ɗalibai da aka yi a makarantar Kuriga a Maris 2024, babu makarantar da ya kamata ta zauna ba tare da shiri ba: wa za a kira, ina yara za su nufa, wa ke da lambar kowane gida, wane daji ne ya kamata a sare a bayan aji.

Idan ɗanka yana makarantar kuɗi ko ta mishan ko Islamiyya, tsarin ya bambanta, domin mai makarantar ko ikkilisiya ko ƙungiya ce ke naɗa hukumar gudanarwa. Duk da haka ka tambaya ko gwamnati ta yi mata rajista, ko iyaye suna da wakili a hukumar, da yadda ake yanke ƙarin kuɗi.

Kakanninmu a Kwoi da Kagoro da sauran garuruwa sun ɗauki ƙasa da ciyawa a ka sun gina makarantun farko, shi ya sa yankin ya yi suna a boko. Ba a nemi mu yi irin wannan wahala ba. Abin da ake nema a wannan zango shi ne ka ware safiya ɗaya ka je wurin shugaban makaranta ka yi tambayoyin nan uku game da kwamiti, ka nemo iyaye huɗu, ku sa ranar taro kafin a yi hutu.