Hukuncin Gasar Harbin Baka: Daga Ina Kyautar Karon Ƙarshe Ta Fito?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta mana wasa mai amfani, Ya kuma haramta mana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya tashi a ƙasar Sarkin Yamma, ko a wani gari na gundumar Madarunfa, ba baƙo ba ne ga baka da kwari. Ya gan su rataye a bangon zaure, ko a kafaɗar makiyayi, ko a hannun maharbi mai nufar dajin Baban Rafi. To, ga mas'alar da za mu duba a wannan fitowa. A ce maharban garuruwa biyu sun shirya gasa bayan an kai amfanin gona gida. An tankaɗe an rairaye har saura mutum biyu, an zo karon ƙarshe, ga rago an ɗaure a gindin icce domin wanda ya yi nasara. Shin wanda ya ja ragon nan zuwa gida halal ya ja ko haram? Ba za a iya ba da amsa ba sai an san wanda ya sayi ragon.

Da farko dai harbi kansa ba abin zargi ba ne, abin nema ne a shari'a. A cikin Suratul Anfali, aya ta 60, Allah Ya umurci muminai da yin tanadin ƙarfi gwargwadon iko, kuma Imamu Muslim ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir (R.A.) cewa ya ji Manzon Allah (S.A.W.) a kan mumbari yana fassara wannan ƙarfi da harbi, har ya maimaita sau uku. Shi kuwa Uƙbatu bai bar abin a baki ba. An gan shi cikin tsufa yana kai da komowa tsakanin wuraren bara guda biyu, da aka yi masa magana kan wahalar da yake sha, sai ya kafa hujja da gargaɗin da ya ji daga Annabi game da wanda ya koyi harbi sa'an nan ya watsar.

Game da gasa kuwa, Imamu Buhari ya ruwaito daga Salamatu ɗan Akwa'u (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya wuce wasu mutanen ƙabilar Aslam suna gasar harbi, sai ya ƙarfafa su, ya tuna musu cewa kakansu Annabi Isma'ila maharbi ne, ya ce yana tare da ɓangare ɗaya. Nan take ɗaya ɓangaren suka sauke bakunansu, don ba su ga yadda za su kara da mutanen da Manzon Allah ke cikinsu ba. Sai ya umurce su da su ci gaba, ya shaida musu yana tare da su gaba ɗaya. A dubi ladabin waɗannan bayin Allah, a kuma dubi yadda shugaba ya janye goyon bayansa ga ɓangare da zarar ya ga zai ɓata gasar. Wannan darasi ne ga hakimai da masu gari da ake gayyata su zauna a rumfa ranar wasa.

Tarihinmu ma ya san darajar ɗan baka. A Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, maharba 50 ne aka ɗora a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu (R.A.), kuma saukowar mafi yawansu ce ta buɗe wa dawakin Kuraishawa hanya. A nan ƙasar Hausa, a yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba su da dawaki sai kaɗan, ƴan baka ne suka tari barden Sarkin Gobir Yunfa. Haka nan Katsinawan da suka kafu a Maraɗi tare da Ɗan Kasawa wajen 1819, da Gobirawan Tsibiri, sun shafe shekaru masu yawa suna kare wannan kwari na Gulbin Maraɗi da doki da mashi da kibiya. Turawan Ingila su ma da doguwar bakarsu mai tsawon ƙafa shida suka karya barden Faransa a Azinkur a 1415, kuma har bayan bindiga ta kore ta daga fagen fama ba su yar da ita ba, suka mai da ita abin gasa. A garin Sikoton da ke arewacin Ingila an fara gasar neman kibiyar azurfa tun 1673, ana harbi daga nisan yadi 100. Mu da addininmu ya kwaɗaitar da mu a kan harbi mun fi cancanta da raya shi.

To, yanzu ga batun ragon. Asali shi ne duk wasan da mutum zai shiga da dukiyarsa, ya zama ko dai ya ci ta wani ko a ci tasa, caca ce, kuma Allah Ya haɗa ta da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya bayyana cewa tana haifar da gaba da ƙiyayya, tana kange mutum daga salla. Sai dai hadisin Abu Huraira (R.A.), wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito, ya keɓe abubuwa uku da ya halatta a sa kyauta a kansu: harbin kibiya, da tseren raƙuma, da tseren dawaki. Wannan shi malamai ke kira musabaƙa, kalmar da muka fi sani a yau wajen gasar karatun Alƙur'ani. Amma keɓewar ba ta nufin an buɗe ƙofa kowa ya shiga yadda ya ga dama.

Idan sarki ne ko hakimi ko wani attajiri da ba ya cikin masu harbi ya sayi ragon, babu saɓani cewa ya halatta, wanda ya ci ya tafi da abinsa. Idan kuwa ɗaya daga cikin maharban ne ya sayo shi, to Ibnu Abi Zaid ya kawo a ƙarshen Risala cewa Imamu Malik ya yarda, amma da sharaɗi mai ban mamaki ga wanda bai taɓa ji ba: idan wani ya rinjaye shi sai ya ɗauki ragon, idan kuwa shi mai ragon ne ya yi nasara, ragon ba zai koma gidansa ba, sai a ba wanda ke bi masa. In su biyu ne kaɗai suka kara, sai a yanka wa waɗanda suka halarta su ci. Hikimar a fili take. Malik yana son mai fitar da dukiya ya fitar da ita fitarwa ta gaskiya, ta yadda babu wanda zai tsaya a fage zuciyarsa na rawa tsakanin ci da asara. Wasu mazhabobin sun sassauta, sun ce mai ragon ya iya mai da abinsa in ya ci.

Sura ta uku ita ce wadda aka fi faɗawa cikinta: kowane maharbi ya kawo jika goma, a haɗa a sayi rago, wanda ya ci ya kwashe. Sa'idu ɗan Musayyib da malaman Shafi'iyya da wasunsu sun halatta wannan idan aka shigar da mutum na uku, gwani kamarsu, wanda bai sa ko dala ba, in ya ci ya ɗauka, in an ci shi babu abin da zai biya. Shi ake kira muhallili. Amma mashahurin zance a mazhabarmu, kamar yadda Shehu Halilu ya tabbatar a Muhtasar, shi ne hani, ko da an shigar da shi, domin har yanzu kowane ɗaya daga cikin biyun yana iya cin kuɗin ɗan'uwansa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, ya tafi can ɗaya gefen a littafinsa Alfurusiyya, ya halatta ba tare da muhallili ba. Mun ambaci wannan don amanar ilmi, amma abin da muke ganin ya fi kuɓutar da mutum, musamman a wurin da aka ginu a kan karatun Risala da Muhtasar, shi ne a nemi wanda zai ba da kyautar daga waje. Masu hali ba su ƙare ba a Maraɗi.

Kuɗin rajista ma a nan ya shigo. In an karɓa don sayen allon bara da ruwan sha da sallamar alƙalai, babu laifi. In kuwa daga cikinsa za a fitar da kyautar, to an dawo sura ta uku ta bayan gida. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Doha a 2003, ta sa cikin sharuɗɗan halaccin gasa cewa kada kyautar ta fito daga aljihun dukan masu gasar. Su kuwa ƴan kallo da ke tsaye a bakin fage, wannan ya ce na sa jika biyu a kan maharbin garinmu, wancan ya ce na riƙe, babu malamin da ya halatta musu. Ba su ja tsirkiya ba, ba su koyi kome ba, caca ce tsantsa, daidai da wadda samari ke yi yanzu a wayar salula a kan ƙwallon Turai.

Bayan an gyara tushen kyautar, sai a gyara yarjejeniya kafin kibiya ta farko ta tashi. Muhtasar ya sharɗanta cewa kyautar ta zama abin da ya halatta a sayar, a san masu harbin da sunansu, a san inda za a tsaya da inda bara take, a san yawan samun da ake nema da irinsa, wato ko taɓawa kawai ta isa ko sai kibiya ta huda ta kafe. Ba a sharɗanta bakuna su zama iri ɗaya ba, kowa ya zo da kibiyarsa da tsirkiyar da ya ga dama. Idan kibiya ta karye ko wani abu ya gitta mata, ba a lissafa wannan a matsayin kaye. An kuma yarda maharbi ya yi kirari ya ambaci sunansa lokacin harbi, don haka kada wani ya ce an yi alfahari. Da an ƙulla, yarjejeniyar ta zama lazimi kamar ta ƙodago, babu mai janyewa don ya ga alamar kaye.

Kada a raina wannan ƙididdiga. A wasannin Olamfik na birnin Faris a 2024, karon ƙarshe na maza ya haɗa Kim Wujin na Koriya ta Kudu da Biradi Elison na Amurka, daga nisan mita 70. Suka yi kunnen doki, aka ba kowa kibiya ɗaya ta raba gardama, dukansu suka sami maki 10, sai da aka auna aka ga ta Kim ta fi kusa da tsakiya da abin da bai kai milimita 5 ba. Ba a yi rigima ba domin an rubuta dokar tun kafin a fara. A ƙauye, irin wannan tazara ta ƙwayar dawa ta isa ta raba garuruwa biyu shekara goma in ba a yi magana a kanta tun farko ba.

Akwai kuma abin da ba a sa shi bara. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya iske wasu samarin Kuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna harbi, da suka gan shi suka watse, ya shaida musu cewa Annabi (S.A.W.) ya la'anci mai mai da abu mai rai abin bara. Saboda haka ɗaure zakara ko zabo a kan turke ba ya cikin gasa, buhun yashi ko tsohuwar ƙwarya sun wadatar. Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito umurnin cewa mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa Musulmi rauni. Wannan ya fi ƙarfi a wurinmu, inda aka saba shafa wa kibiya dafin kwankwani. Kibiya mai dafi ba ta da abin yi a fagen da yara ke kewaye, kuma ba a shiga da kwari sahun salla.

Mun san halin da kan iyakarmu ke ciki, da satar shanu da garkuwa da mutane, da ƴan'uwanmu na Zamfara da Katsina da Sakkwato da suka yi ta shigowa jihar Maraɗi gudun hijira tun 2019. Don haka masu shirya gasa su sanar da hukuma da sarakuna, su gayyaci manomi da makiyayi su tsaya a layi ɗaya, kada taron maharba ya zama wurin haɗa gayya a kan wata ƙabila.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda, za mu duba hukuncin naman da aka harba da kibiya: yaushe ambaton sunan Allah lokacin saki yake tsayawa a matsayin yanka, da abin da malamai suka ce game da dabbar da ta ɓace wa maharbi sai washegari ya tsince ta.