Me Ya Sa Lasifikarmu Take Gurnani?

A zangon karatun da ya wuce, mu 'yan kulob ɗin jarida muka haɗa kai da 'yan JETS muka harhaɗa 'yar amfilifaya don karanta labarai a aji. Mun sayo guntuwar LM386 da kapasitoci wurin wani mai gyaran rediyo a Sabon Birni. Ranar gwaji muna kunnawa sai lasifika ta ɗauki gurnani, ko muryar mai karatu ba a ji. Wasunmu har sun fara cewa an sayar mana da jabu. Malamin kimiyya bai ce komai ba, ya zare cajar wayar da muka jona, ya sa batir mai bolt 9. Gurnanin ya ragu ƙwarai. Ashe laifin namu ne.

Ga abin da ya koya mana. Duk wayar da wutar cikinta take canzawa tana baza ƙarfin maganaɗisu kewaye da ita, kuma wayar da take kusa tana tsintar sa ta mayar da shi wuta, ko ba su taɓa juna ba. Michael Faraday ne ya gano haka a Ingila a 1831. Amfilifaya kuwa ba ta bambanta murya da hayaniya. Abin da ya shigo mata shi take ƙara wa ƙarfi.

Kowace hayaniya da irin muryarta. Ƙugi mai kauri na wutar NEPA ne, wadda take juyawa sau 50 a daƙiƙa. Ƙas-ƙas mai bin tashin inji tartsatsin fulogin janareta ne ko na babur. Wannan "tit-tit-tirr" da ake ji kafin kira ya shigo daga wayar salula yake. Caja kuma tana katse wuta sau dubbai a daƙiƙa, kuma masu arha an rage musu kayan tacewa. Haka wasu ƙwayayen fitila na sola suke.

Neman mai laifi ba wuya. Ɗauki ƙaramar rediyo, ka juya ta zuwa matsakaicin zango inda babu tasha, ka riƙa kusantar da ita ga kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Inda ta fi ihu, nan ne. A gida ma wannan zai yi amfani, domin sau da yawa tsoho yakan zargi batir ko eriya in BBC ta ƙi fita a gajeren zango, alhali cajar jikansa ce a gefe. Mun kuwa san darajar rediyo a nan: a 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Isa da Sabon Birni, ita ce ta rage wa yawancin gidaje.

Sauran gurnanin da ya rage bayan mun sa batir, a wayoyinmu yake. Mun bar wayar makirufo doguwa tana reto kusa da ta lasifika, ta zama eriya. Muka rage tsawonta, muka murɗe wayoyin makirufon guda biyu kamar tufkar igiya, don abin da ɗaya ta tsinta ya yi daidai da na ɗayar su kashe juna. Sannan muka tattara dukkan wayoyin negatif muka liƙe su da dalma wuri guda, maimakon a warwatse. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne 'yar kapasita mai lamba 104. Malam ya sa muka liƙa ta tsakanin ƙafa ta 6 da ta 4, dab da jikin guntuwar. Da farko mun sa ta can nesa inda ya fi mana sauƙin liƙawa, ba ta yi wani tasiri ba. Daga ƙarshe muka zuba komai cikin tsohon gwangwanin madara, muka haɗa gwangwanin da negatif.

A kula da kapasita mai siffar ganga, tana da gefen da aka ja wa layi. In aka juya ta, kumbura take yi ta fashe. Caja kuwa kada kowa ya fasa ta don neman kayan aiki, domin kapasitar cikinta tana iya riƙe fiye da bolt 300 bayan an zare ta daga bango.

Amfilifayar tana ofishin kulob. Mai son gani ya zo da rediyonsa lokacin tara, mu zagaya aji tare.