Yadda Majalisun Garuruwan Ingila Su Ke Tsaron Iska

A darasinmu na wannan wata za mu duba wani aikin majalisar gari wanda ba a cika tunawa da shi ba, watau lura da iskar da mutane su ke shaƙa. Mu dai mun saba da duba-gari, mai leƙa tulu da salga da mahauta. A ƙasar Ingila an ɗora wa majalisa duban iska kuma, amma ba a kai ga haka ba sai da aka sha wuya.

Ran 5 ga Disamba 1952 wani baƙin hazo ya rufe birnin Landan, bai tashi ba sai ran 9 ga wata. Lokacin sanyi ne, kowane gida da kwal ya ke jin ɗumi, masana'antu da gidajen wutar lantarki su ma kwal su ke ƙonewa. Bisa ga al'ada hayaƙi ya kan hau sama ya watse. A kwanakin nan kuwa iska ta tsaya cik, mai ɗumi ta zauna bisa mai sanyi kamar murfi a bakin tukunya, hayaƙi ya rasa mafita. Kada mai karatu ya zaci irin hazonmu ne na hunturu, gama namu ƙura ce daga hamada, nasu kuwa kunkunniya ce gauraye da hayaƙin farar wuta. Motoci suka tsaya. A waɗansu unguwanni mutum ba ya ganin ƙafarsa. Lissafin farko ya ce mutum wajen 4,000 suka mutu. Binciken da aka yi daga baya ya kai su kimanin 12,000, yawancinsu tsofaffi da masu ciwon ƙirji ko na zuciya.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, mutanen birnin ba su firgita ba sa'an nan. Sun saba da hazo tun zamanin kakanninsu. Sai da aka ƙidaya matattu kana hankali ya tashi.

Gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir Hugh Beaver, ya ba da rahotonsa a 1954, a 1956 kuma aka kafa Dokar Tsabtar Iska. Dokar ta ba kowace majalisar gari iko ta keɓe unguwa ta ce ba a yarda hayaƙi ya fito daga bututun hayaƙin gida a cikinta ba. Tun da ya ke talaka ba zai iya sake murhu da kuɗin kansa ba, aka shirya a mayar wa mai gida kashi 7 cikin 10 na abin da ya kashe. A ganinmu wannan shi ne hikimar dokar. Ma'aikacin majalisa kuma ya kan tsaya da wata takarda mai zane daga fari zuwa baƙi, ya gwada ta da hayaƙin masana'anta. In duhunsa ya kai lamba 2, mai wurin ya yi laifi.

Amma fa iko aka ba su, ba tilas aka yi musu ba. Waɗansu majalisun suka yi da sauri, waɗansu suka ja ƙafa, musamman a garuruwan da a ke haƙar kwal, inda ma'aikata su kan sami kwal a cikin hakkin aikinsu. Wane ɗan majalisa ne zai hana masu zaɓensa ƙona abin da ba su saya ba? A 1968 aka ƙara doka wadda ta ba minista iko ya tilasta wa masu nawa.

Hayaƙin kwal ya ragu ƙwarai, sai wani ya maye gurbinsa, wanda ido ba ya gani, watau na motoci. Saboda haka dokar 1995 ta wajabta wa kowace majalisa ta riƙa auna iskar yankinta. Ga yadda su ke yi. A kan ɗaura 'yan ƙananan kwalabe na roba, tsawonsu kamar yatsa, a jikin turakun fitilun titi. Wani magani a ciki ya kan sha gubar da a ke kira naitirojin dayoksaid. Bayan wata guda a kwance su, a kai ɗakin gwaji, a ɗaura sababbi. Iyakar da doka ta sa, in an daidaita awon shekara, ita ce maikrogiram 40 cikin lita 1,000 na iska. Maikrogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Inda aka ga za a ƙetare iyaka, dole majalisa ta shelanta wurin, ta rubuta shirin gyara: ko ta sake hanyar manyan motoci, ko ta hana direbobi barin inji yana aiki a ƙofar makaranta.

To, awo dabam, gyara dabam. A Fabrairu 2013 wata yarinya 'yar shekara 9 mai ciwon asma ta rasu a Lewisham, kudancin Landan. Gidansu yana dab da wata babbar hanya. A Disamba 2020 mai binciken dalilin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya kashe ta, karo na farko ke nan da aka rubuta haka a takardar mutuwa a ƙasar. Ya iske cewa awon unguwar ya wuce iyakar doka a shekarun da ta yi tana ciwo, ba kuwa wanda ya faɗa wa uwarta haɗarin da ke cikin iskar.