Injin Ruwana Ya Ƙone, Mai Kanti Ya Ce Ba Ruwansa

TAMBAYA

Ni magidanci ne a Tcholliré, cikin Mayo-Rey. Bayan damina na sa aka haƙa mini rijiyar burtsatse a gida, na je Garwa na sayo injin jan ruwa, mai kanti ya ce mini akwai garantin shekara guda. Wata 6 ya yi yana aiki, cikin Afrilu ya tsaya cak. Wani yaro mai gyara ya kwance shi, ya ce ya ƙone. Da na mayar Garwa, mai kanti ya ce an riga an buɗe, kuma wuta ce ta ƙona shi, ba ruwansa. Ɗan ƙanena da ke Amurka ya ce a can akwai takardar da ake biya duk shekara, abin da ya lalace a gida a zo a gyara, har injin tafkin iyo na cikin gida. Akwai irinta a Kamaru? Kuma an cuce ni ne, ko kuwa?

AMSA

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Tafiya daga Tcholliré zuwa mararrabar Guidjiba, sannan a hau babban titi zuwa Garwa da ƙarfe a bayan mota, a kuma dawo da shi yadda aka kai shi, ta ishi mutum ɓacin rai ko ba a yi maganar kuɗi ba.

Bari in fara da labarin ɗanka, don shi ne mai zaƙi. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Takardar da yake nufi kwangilar gyara ce. Mai gida yana biyan kamfani ɗaruruwan daloli a shekara, su kuma su ɗauki nauyin firij, na'urar sanyaya ɗaki, wayoyin wuta da bututun ruwa idan tsufa ya kashe su. Kayan tafkin iyo galibi ba sa cikin kuɗin farko, sai an ƙara wani kuɗin daban kafin a sa injin da ke juya ruwan, da matatarsa, da abin ɗumama shi. Ko an ƙara, jikin tafkin in ya tsage ba nasu ba ne. Duk ranar da ka kira mai gyara akwai kuɗin zuwa da za ka biya daga aljihunka, akwai kuma iyakar abin da za su kashe a shekara. Ga inda gizo ke saƙar: idan mai gyaran nasu ya rubuta cewa rashin kula ne ya kashe injin, ko an haɗa shi ba daidai ba, ko dama da ciwonsa kafin a sa hannu, sai su ce ba ruwansu. Wato da injinka a Amurka yake, mai yiwuwa amsar da ka ji a Garwa ita za ka ji, sai dai da Turanci.

A Kamaru abin da ke kusa da wannan inshorar gida ce, ƙarƙashin dokokin CIMA, yarjejeniyar inshora da ƙasashen sefa suka sa wa hannu a Yaunde a 1992. Inshorar gidan kuwa gobara, sata da ɓarnar ruwa ta fi fuskanta. Akan ƙara sharaɗin lalacewar kaya saboda wutar lantarki, amma tsufa da zaizayewa ba a biyansu. Don injin rijiya guda ɗaya, a ganina, ɗawainiyar ta fi romon.

Yanzu ga naka. Garantin kanti alkawari ne a kan aibin da kaya ya fito da shi daga masana'anta. Bai shafi abin da ya same shi a hannunka ba. Saboda haka duk shari'ar ta tsaya a kan tambaya ɗaya: me ya kashe injin? Ka ce Afrilu, kuma watan nan ya sa na ɗan yi shiru.

Injin da ake zurawa cikin rijiya, wanda 'yan Najeriya ke kira sumo, ruwan da yake ciki ne ke sanyaya shi. A ƙasarku Maris da Afrilu su ne ƙarshen rani, ruwan ƙasa ya ja baya, buƙata kuma ta ƙaru, maƙwabta na layi da jarkoki. Wanda ya haƙa rijiya bayan damina ya auna ruwa ne lokacin da ƙasa ke ƙoshe. In aka rataye injin sama-sama bisa wannan awo, da rani ya tsananta sai ya riƙa zuƙar iska, kuma mintuna kaɗan na aiki a bushe sun isa su lalata shi. In kuma aka sauke shi har gindin rijiya, yashi yake sha, yashin ya cinye fukafukan da ke tura ruwa, ya dinga nishi har ya mutu. Sai wuta. Mutane na tsoron ta zo da ƙarfi, alhali raunanniyar ita ma makashiya ce: injin da aka yi wa awon 220, in wutar ta faɗi ƙasa sosai, sai ya ja fiye da ƙima don ya juya, wayar da aka naɗa a cikinsa ta yi zafi ta narke. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo ta kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982, kuma in ruwanta ya ragu da rani wuta takan yi ƙaranci. Ƙaramin janareta da siririyar waya mai tsawo ma haka suke yi wa inji.

Ba ina wanke mai kanti ba ne. Kasuwa cike take da jabun injuna masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, an naɗa musu wayar alminiyam a madadin jan ƙarfe. Irin wannan ko a tsakiyar Binuwai ka jefa shi ba lalle ne ya yi shekara ba. In naka irinsu ne, an cuce ka, kuma shari'a biyu na bayanka. Malamanmu na Malikiyya sun san mayar da kaya saboda ɓoyayyen aibin da ya riga ciniki. Dokar farar hula da ɓangaren masu Faransanci na Kamaru ya gada, a sashe na 1641, ita ma ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi, da sharaɗin mai saye ya tashi da wuri. Ga kuma dokar kare mai saye mai lamba 2011/012 ta 6 ga Mayu 2011, wadda ta ce kaya ya zo da takardar da ke bayyana yadda ake amfani da shi da garantinsa, ta kuma tanadi kwamitin sasanci a kowace gunduma.

Sai dai, Alhaji, ka yi mini afuwa, ka ba mai kantin sanda da hannunka. Ranar da yaron nan ya sa sufana ya kwance injin, ranar garantin ya raunana, domin kusan kowane kamfani ya rubuta cewa in wani ya buɗe, alkawari ya warware. Kuma ban ji ka ambaci takarda ba. "Akwai garanti" da baki, a kanti, ranar ciniki, kowa na faɗa, kamar "sai ka sake zuwa" ne. (Na taɓa sayen firij a kan irin wannan magana, har yau ina jiran mai kantin ya tuna fuskata.)

Duk da haka kada ka yar da maganar. Nemo rasit, wanda kuke cewa faktir, ka duba ko lambar jikin injin na kai. Ka kai injin wurin ƙwararren mai naɗa waya a Garwa, ba abokin mai kanti ba, ba kuma ubangidan yaron da ya kwance shi ba. Shi zai gane ko wayar jan ƙarfe ce ko alminiyam, ko ƙunar ta game ko'ina kamar yadda zafi ke yi, ko wuri ɗaya ne ya tartsatsa. Ya rubuta maka abin da ya gani, ya sa hannu. In bayanin ya nuna aibin ƙira ne, ka koma kantin da dattijo guda da ake jin nauyinsa a kasuwar. Sau da yawa a nan ake rabuwa, ko a canza, ko a raba asara. In ya ƙi, sai ofishin ma'aikatar kasuwanci. In kuwa bayanin ya ce a bushe ya yi aiki, maganarka ta koma kan wanda ya zura injin bai auna ruwan rani ba, bai kuma sa abin da ke kashe shi in ruwa ya janye ba.

Irin kwangilar da ɗanka ke yabo kuwa kana iya ƙulla ƙaramarta a gida: ku rubuta da mai gyara guda cewa zai zo sau biyu a shekara, farkon rani da farkon damina, ya auna zurfin ruwa da ƙarfin wuta, a kan kuɗin da kuka yanka. Kafin ka sayi sabon inji, a zura igiya da dutse a rijiyar yanzu da ruwa ke ƙasa, a rubuta mita nawa ne. Ka kuma sa a gwada kwandansan da ke cikin akwatin kunnawa, ɗan abin nan mai kama da gwangwani. Shi ne ke ba injin ƙarfin tashi, yakan mutu shi kaɗai, kuma sau da yawa akan ce inji ya ƙone alhali shi ne kawai ya tafi.