Baba Yara, sarkin ƴan wasan gefe

Mutanen Maraɗi sun san Kumasi tun kaka da kakanni. Fatake sun bi hanyar Gwanja neman goro, bayansu kuma samari suka riƙa tafiya ci-rani. Unguwar da baƙi ke sauka a can ita ake kira zango, kuma Hausa ake yi a cikinta. Duk wanda ya je Kumasi yau zai ga wani babban filin ƙwallo mai ɗaukar mutum kamar 40,000. Sunan filin Baba Yara. To, wane ne Baba Yara?

An haife shi a Kumasi a shekarar 1936. Sunansa na yanka Usumanu, na mahaifi Saidu, amma laƙabin nan na Hausa shi ya bi shi har kabari. Da farko ba ƙwallo yake yi ba, sukuwar dawaki yake yi a Akara. A 1955 ya shiga Asante Kotoko, babbar ƙungiyar Kumasi. Kotoko da harshen Ashanti na nufin beguwa.

Lamba 7 yake sawa, yana wasa ta gefen dama. Aikin ɗan wasan gefe shi ne ya ɗauki ƙwallo, ko balo in ji mu nan, ya bi bakin layi da gudu, ya yanke mai tsaron baya, sannan ya aiko ta gaban raga don ɗan'uwansa ya zura. Aiki ne na mai sauri da wayo, kuma sau da yawa wani ake yi wa tafi alhali shi ya sha wahalar. Baba Yara ya iya wannan aiki har aka riƙa ce masa sarkin ƴan wasan gefe na Afirka ta Yamma.

A wannan shekara ta 1955 aka kira shi ƙungiyar ƙasa. Lokacin ƙasar tana hannun Ingila, ba a ko raɗa mata suna Gana ba, sai a 1957. Suka kara da Najeriya a Akara, suka ci ta 7 da nema. Biyu daga ciki shi ya zura su.

Shugaba Kwame Nkrumah yana son ƙwallo ta ɗaukaka sunan Gana. A 1961 aka kafa wata sabuwar ƙungiya, Real Republicans, aka ce kowace babbar ƙungiya ta ba da gwanayenta biyu. Daga Kotoko aka ɗauke Baba Yara da Dogo Moro. Mutanen Kumasi ba su ji daɗi ba, kuma da gaskiyarsu: wa zai yi noma wani ya zo ya kwashe damma? Amma dai ƙungiyar ta yi ƙarfi, ta ci kofuna.

Ranar 24 ga Maris 1963 suka je wasa Kpandu, a yankin Bolta. A hanyar komowa, wajen wani gari Kpeve, motarsu ta kauce hanya. Ƙashin bayansa ya samu rauni. Cikin ƙashin baya akwai laka, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu. In ta lalace, ƙafa na nan lafiya lau a ido, amma ba ta motsi. Shi ya sa likitoci ke cewa kada a ciccibi wanda ya yi hatsari da gaggawa, a tanƙwara masa baya.

Aka kai shi Ingila, asibitin Stoke Mandeville, inda suka ƙware kan irin wannan ciwo. Bai samu sauƙi ba. Ya komo gida cikin keken guragu, yana ɗan shekara 26. A ƙarshen shekarar nan Gana ta ci kofin Afirka karo na farko, a gida, ta doke Sudan 3 da nema, babu shi a fili.

Ya yi shekara 6 yana jinya. Allah ya yi masa rasuwa ranar 5 ga Mayu 1969, a Akara. Sai a 2004 aka sa wa filin Kumasi sunansa, kuma can Kotoko ke karɓar baƙinta.

Tambayoyi

1. Wane aiki Baba Yara ya yi kafin ƙwallo?
2. Don me mutanen Kumasi suka yi fushi a 1961?
3. Mene ne amfanin laka a jikin mutum?