Targaɗen Idon Sawu: Yadda Za Ku Hana Shi Dawowa da Kuɗi Kaɗan

Targaɗe yana faruwa ne idan mutum ya taka ba daidai ba, ƙafa ta lanƙwashe, jijiyoyin da ke riƙe da ƙasusuwan idon sawu suka miƙe fiye da kima ko suka ɗan yage. Galibi tafin ƙafa ne ke juyawa ciki, sai ciwo da kumburi su sauka a gefen waje. Ya fi samun samarinku masu buga ƙwallo a filayen da ba a baje ba, daga Jega da Maiyama har Jiga Makera. Amma ke ma mai juna biyu kina cikin haɗarin. Ciki yana sassauta jijiyoyin gaɓoɓi, nauyi ya rinjaya gaba, kuma a watannin ƙarshe ba kya ganin inda kike takawa. Wani bincike a Amurka ya nuna cewa kusan mace 1 cikin 4 takan faɗi a lokacin da take da ciki.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wanda ya yi targaɗe sau ɗaya ya fi kowa saurin sake yi, musamman a shekarar farko. Ga dalili. A cikin jijiyoyin nan akwai ƙananan kafofi da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta sauka, ko da ido bai gani ba. Targaɗe yana raunana wannan saƙo. Kumburi zai saɓe, zafi ya tafi, yaro ya ce ya warke, alhali ƙafar ba ta koma gane ƙasa da sauri ba. Ranar da ya sake taka rami, kafin tsoka ta riƙe, ta riga ta goce.

Maganin wannan ba a kantin magani yake ba, horo ne. A ƙasar Holan, a shekarar 2009, an buga sakamakon bincike kan 'yan wasa 522 da suka yi targaɗe. Waɗanda suka yi motsa jikin koyon tsayuwa a gida, sau 3 a mako har mako 8, sake targaɗensu ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100.

Iyaye, ku sa ɗanku ya fara da zarar yana iya takawa ba zafi sosai. Ya tsaya da ƙafar da ta ji ciwo ita kaɗai na daƙiƙa 30, ya huta, ya maimaita sau 3. Idan ya ƙware, ya yi ido a rufe. Daga nan ya hau matashin kai ko tabarma da aka ninka, ƙaninsa yana jefa masa ƙwallo yana cafewa. Ya riƙa ɗaga duddugensa sama yana saukewa a hankali. Tsohuwar robar cikin tayar keke ma tana da amfani: a ɗaura ta a ƙafar gado, ya saƙala ƙafarsa yana turawa waje. Wahalar abin ɗaya ce, samari sukan gaji a mako na biyu su watsar, don haka sai wani babba a gida ya sa ido.

Idan akwai hali, ku saya masa takalmin idon sawu mai igiya, ya riƙa sawa duk lokacin wasa na tsawon wata 6 zuwa shekara. Ya fi filastar naɗi araha, domin ita kullum sabuwa ake saye, kuma takan saki da gumi tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Kada ya koma fili sai ya iya gudu da tsalle da ƙafar ba zafi.

Ke kuwa mai ciki, naki horon ya fi sauƙi. Dafa bango, ki tsaya da ƙafa ɗaya, ido a buɗe, a ƙasa mai tauri. Idan kina zaune ki riƙa juya ƙafar hagu da dama. Ki ajiye takalmi mai tsini da silifas da ya cinye. Ki kula da santsin makewayi, da laka a damina, da saukowa daga kabu-kabu.

Ranar da abin ya faru, a huta, a ɗaga ƙafar sama da matashi, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, a naɗa bandeji ba da ƙarfi ba. Ruwan zafi da murza mai ƙarfi a kwana 2 na farko ƙara kumburi suke yi. Aliero ta yi suna wajen ɗori, kuma mun san can da yawanku kan fara zuwa. Sai dai idan mutum ya kasa yin taku 4, ko ƙashin kansa na zafi in an danna, a fara ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, domin wataƙila karaya ce. Idan an ɗaure ƙafa yatsu suka yi sanyi, suka mutu ko suka yi duhu, a kwance nan take a kawo shi.

Mai ciki ta sha farasitamol kawai. Kada ki sha ibuprofen ko diclofenac sai da izinin likita, musamman daga mako na 20, don suna iya cutar da jariri. Idan kin faɗi kika ga jini ko ruwa, ko ciwon mara, ko motsin yaro ya ragu, kada ki jira ranar awo. Haka nan kumburin ƙafafu da fuska tare da ciwon kai, ko kumburin sha-raɓa ɗaya mai zafi ba tare da kin gurɗe ba, ba targaɗe ba ne. Ki zo asibiti a ranar.