Daga Ruɗu Zuwa Laifi: Sauyin Matsayin Turai Kan Maita Tsakanin Ƙarni na 7 da na 15

1.0 Gabatarwa

Da zarar an ambaci ƙone mayu a Turai, abin da yake faɗowa a zukatan masu karatu shi ne tsakiyar zamani, wato daga rushewar daular Rum ta yamma a 476 zuwa wajen 1500, lokacin da ake yi wa laƙabi da zamanin duhun kai. Dokokin wancan lokaci ba su goyi bayan wannan zato ba. Wannan muƙala ta bibiyi kaɗan daga cikinsu domin nuna cewa sarakuna da coci sun daɗe suna ɗaukar yawancin abin da ake jingina wa mayu a matsayin ruɗu, kuma masu ilimi ne daga baya suka mayar da shi laifin kisa.

An yi amfani da kalmar maita a nan saboda rashin wadda ta fi ta. A tunanin Bahaushe, maye kurwa yake kamawa, kuma gadon abin yake yi ko ya saya. Wadda Turawan farko suke kira striga ta yi kusa da wannan, domin mace ce da ake zargi da cinye cikin mutum yana raye. Mayyar ƙarni na 15 kuwa wata halitta ce dabam, kamar yadda za a gani.

2.0 Zamanin Musantawa

A shekarar 643, Rothari, sarkin Lambadawa na Italiya, ya haramta kashe baiwar wani bisa zargin ita striga ce, yana mai kafa hujja da cewa Kirista bai kamata ya yarda irin wannan abu yana yiwuwa ba. Sarki Charlemagne ya fi shi tsanantawa. A dokar da ya kafa wa yankin Saksoni wajen 785, hukuncin kisa yana kan wanda ya ƙone mutum saboda zargin yana cin mutane. Ke nan mai zargin ne doka take nema.

Matanin da ya fi tasiri shi ne Canon Episcopi, wanda ya bayyana a tarin dokokin coci da Regino na Prüm ya haɗa wajen 906. Ya yi magana kan wasu mata da suke cewa suna hawa dabbobi da dare su keta ƙasashe tare da gunkiya Diana. Hukuncinsa shi ne wannan duka mafarki ne da Shaiɗan yake sakawa, kuma wanda ya gaskata a zahiri yake faruwa, imaninsa ne ya raunana. Bishof Burchard na Worms, a farkon ƙarni na 11, azumin tuba ya yanke wa masu wannan aƙida. Matanin ya shiga kundin Gratian wajen 1140, ya zama abin da kowane ɗalibin dokar coci yake karantawa.

Wannan ba ya nufin an zauna lafiya. Ana hukunta masu sammu da masu guba, jama'ar gari kuma kan ɗauki doka a hannunsu. Shi ya sa a 1080 Fafaroma Gregory na VII ya rubuta wa sarkin Denmak cewa a daina ɗora wa mata alhakin guguwa da annoba.

3.0 Yadda Lamarin Ya Juya

Abubuwa biyu ne suka haɗu. Na farko ya fito daga jami'o'i: malamai irin su Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, sun koyar da cewa tsafi ba ya aiki sai da yarjejeniya da shaiɗanu, a bayyane ko a ɓoye. Da wannan, matsafi ya tashi daga mai cutar da maƙwabci ya koma mai ridda. Na biyu ya fito daga kotu: a 1252 Fafaroma Innocent na IV ya amince a riƙa gana wa waɗanda ake zargi da zindiƙanci azaba wajen tuhuma. Wanda ake azabtarwa kuwa abin da mai tambaya yake son ji yake faɗa, sannan ya ambaci wasu sunaye.

An ga alamar farko a Kilkenny ta ƙasar Ailan a 1324. An zargi wata attajira, Alice Kyteler, da hulɗa da aljani. Ta tsere, aka ƙone mai yi mata hidima, Petronilla. Daga 1428, shari'o'in yankin Valais, a Siwizalan ta yau, suka fito da cikakkiyar siffar sabuwar mayya: tana tashi da dare, tana halartar taron Shaiɗan, tana cin jarirai. Abin da ƙarni na 10 ya kira mafarki ya zama shaida a gaban alƙali.

Labarin Heinrich Kramer ya isa a tsaya a kansa. Wannan malamin ɗariƙar Dominik ya samu takardar goyon baya daga Fafaroma Innocent na VIII a 1484, ya buɗe shari'ar wasu mata a Innsbruck a 1485. Tambayoyinsa kan rayuwar ɗakin ɗayarsu, Helena Scheuberin, sun wuce gona da iri, har aka rushe shari'ar aka saki matan, bishof ɗin yankin, Georg Golser, ya nemi ya bar garin. Mutumin da aka kunyata haka shi ne ya zauna ya rubuta Malleus Maleficarum, wanda aka buga a Speyer wajen 1486. A ciki ya yi ƙoƙarin kauce wa Canon Episcopi da cewa mayun zamaninsa ba su ne matan da tsohon matanin yake nufi ba. Hujja ce mai rauni, amma injin ɗab'i, wanda bai wuce shekara talatin da 'yan kai da fitowa ba, ya yaɗa ta.

Kisan mai yawa bayan tsakiyar zamani ya zo. Masana tarihi suna ƙiyasta an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 tsakanin ƙarni na 15 da na 18, kusan kashi uku cikin huɗu mata, kuma abin ya fi ƙamari daga 1560 zuwa 1630. A Würzburg da Bamberg na Jamus an ƙone ɗaruruwan mutane tsakanin 1626 da 1631, a daidai shekarun da Galileo yake rubuta littafinsa kan tafiyar duniya da rana.